Zakaran Yayen Auta

Akwai wani jan zakara a wani gida a Kafanchan wanda har yau ban san ko nawa ne ko na masu gidan ba. Ni na kai shi da hannuna, ƙafafunsa ɗaure da tsumman zanin matata. Ban sayar ba, ba kuma kyauta na bayar ba. Tambaya na aike shi ya yi mini, kuma yana can a tsakar gidan mutane yana cin dawarsu yana ƙiba, bai kawo amsa ba.

Kafin a ce tsoho ya fara ruɗewa, bari in faɗi matsayina na ilimi. Na tsaya a aji huɗu na firamare. Maƙiya suna cewa kai ne ya ƙi ɗauka. Ni dai na san benci ne ya yi mini kaɗan, shi ya sa da na fita na tafi koyon yin benci. Babana ya kawo ni daga Madakiya ya danƙa ni ga wani kafinta a bayan tashar jirgin ƙasa. Na share shago, na riƙe katako, na sha ranƙwashi har tsakiyar kaina ta daina fid da gashi da wuri. Da lokacin yaye ya yi, babana ya sa rigarsa ta zuwa sujada, ya rungumi zakara ya kai gidan ogana.

A wurinmu ba a tambayar oga baki da baki ko zai saki wanda ya koyar. Nauyi ne ga mai tambaya, nauyi ne ga mai amsawa. Zakara ake kaiwa. In an yanka aka aiko muku da cinya a kwano, an sake ka ke nan, ka tafi da albarka. In aka dawo da shi da ransa, to da sauranka, ka koma ka ƙara. Ba wanda ya ce wa wani a'a, ba wanda ya tashi da ɓacin rai. Nawa an yanka. Na ci cinyar, ogana ya ba ni zarto da guduma, ya ɗora hannu a kaina ya yi addu'a. Tun daga ranar abin da na iya yana hannuna. Na yi aiki da reluwe na bari, na bi 'yan kwangila na bari, ba wanda ya taɓa tsayar da ni a ƙofa ya ce in ajiye hannuwana kafin in fita.

Autarmu mace ce, ita ce kuma ta kwashe karatun da na bar wa makaranta ajiya. Tana aiki da wani ƙaramin kamfani a Kafanchan, masu ja wa makarantu da asibitoci wayar intanet. Na taɓa tambayarta ainihin abin da take yi, ta ce tana haɗa kwamfutoci ne su riƙa magana da juna. Na ce to ta zama 'yar zumuntar mata ke nan, tunda aikinsu ɗaya. Mamanta, wadda ita ce ma'ajin zumuntar mata a cocinmu, ba ta yi dariya ba.

Akwai wata jarrabawa mai wuya a wannan sana'a, wadda masu ƙera na'urorin can ƙasar waje suke shiryawa. Ogan Auta, mai kamfanin, shi ya tura ta, shi ya ɗauki nauyin komai. Ta yi karatu har ta rame, ta je Abuja ta zauna, ta ci. Muka yi godiya a coci, muka fita gaba da rawa, ni da gwiwata mai ciwo. Na koma gida na zaro wani guntun maɗaci da na daɗe ina ɓoyo, na yi wa satifiket ɗin firam, na goge shi har yana ɗaukar ido. Da ta kawo takardar sai na ga fara ce sol, irin wadda ake bugawa a shagon kwafi.

Na ce, "Injiniya, ina na ainihin, mai hatimi?"

Ta ce, "Baba, na ainihin yana cikin kwamfuta. Wannan hotonsa ne."

Na rataye hoton. Ban ƙara tambaya ba, don kada a gane iyakar aji huɗu.

Auta tana da miji, malamin sakandare ne a Mararaban Rido, kusa da Kaduna. Tun da suka yi aure ba su taɓa cika wata guda a ɗaki ɗaya ba. Ita tana nan, shi yana can, 'yarsu ƙarama tana wurinta. Wani ƙarshen mako ya zo, wani ta je. Wanda ya san hanyar nan ya san ba hanyar da uwa take son 'yarta ta riƙa bi da goyo ba ce. Duk ranar da Auta ta shiga mota, Mama ba ta cin abinci sai an kira an ce an sauka. Shi ya sa da wani babban kamfani a Kaduna ya ce yana son ta, Mama ta yi waƙa a kicin. Za su zauna gida ɗaya, yarinya za ta san babanta ba a waya ba. Mutanen Kaduna suka ce za su jira ta zuwa ƙarshen damina.

Wata Asabar Auta ta zo Madakiya, ta same mu muna kankare citta a gindin mangwaro. Ta ɗauki wuƙa ta zauna, ta kankare da yawa. Mama ta dube ni, na dubi citta.

Can Auta ta ce, "Baba, satifiket ɗin nan yana ɗaure."

Na ce, "Ni na ɗaure shi, da ƙusa biyu. In za ki tafi da shi Kaduna sai in cire."

Ta ɗan yi murmushi don kada in ji kunya, sannan ta yi mana bayani a hankali, yadda ake yi wa 'yan makarantar Lahadi. Masu ƙera na'urorin ba sa hulɗa da kowane kamfani sai wanda yake da ma'aikaci mai satifiket ɗinsu. Da ta ci jarrabawa, an rataye sunanta a ƙarƙashin kamfanin Oga. Mutanen Kaduna kuma suna son ta ne da sunan nan, ya koma ƙarƙashin nasu. Dokar masu na'ura ta ce in ta tashi da kanta, sabon wuri ba zai iya lissafa ta ba sai an yi kusan shekara, sai fa in tsohon oganta ya shiga kwamfuta ya sake ta. Mutanen Kaduna ba za su jira shekara ba.

Na ce, "Tsaya in gane. Ke kika yi karatun?"

"Ni."

"Ke kika rame?"

"Ni, Baba."

"Sunanki ne a jiki?"

"Sunana ne."

"To akuyar taki ce, turken ne na wani."

Ta ce, "Haka ne." Ta ce ta yi wa Oga magana, ya ce za su duba. Ta sake yi, ya ce za su duba. Yanzu in ya hango ta ta nufo ofishinsa sai ya ɗora waya a kunne.

A nan ne na ajiye wuƙa na gyara zama, don an iso fannina. Na ce ai ba a yi wa oga haka. Ta je ta tsaya masa a gaba tana tambaya da baki, da wane bakin zai amsa? Yaye ne ba a yi ba. Mutum ya ɗauki nauyinki ya koyar da ke, sai a kai masa zakara.

"Baba, wannan ba kafinta ba ne."

"Ogan naki daga sama ya faɗo?"

"Mutumin Fadan Kagoma ne."

"To ya san zakara."

Na zaci za ta yi gardama, don gardama gadonta ce ta wajen uwa. Sai ta goge hannu a zani ta ce, "Je ka gwada, Baba. Ni dai na rasa ta inda zan bi." Wannan maganar ta fi kome tsorata ni. Yarinyar da take sa kwamfutoci hira ta yarda a kai zakara.

Rigima ta gaba da Mama aka yi ta. Zakarunmu biyu ne, ja da wake-wake. Na nuna jan, ta ce jan na Kirsimeti ne, in ɗauki wake-waken. Na ce wake-waken nan ko ni aka kawo wa zan dawo da shi, ba don yaro bai ƙware ba, don zakaran bai ƙware ba. Ta ce, "Kafinta, in ka dawo hannu rabbana, kai za mu yanka." Amma ita ta kama shi, ita ta yage bakin zaninta ta ɗaure masa ƙafa.

Asabar ta gaba da safe na sa rigata ta sujada na hau keke mai ƙafa uku zuwa Kafanchan, zakara a cinyata yana kallon gonaki kamar shi ya biya kuɗin mota. Da na isa gidan Oga, ya fito da kansa. Mutum ne mai ƙiba kaɗan, dattijo ne a cocinsu, bai kai ɗana na fari shekaru ba. Da ya ga abin da ke hammatata sai ya tsaya cik a bakin ƙofa. Ya gane. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, da ka aiko na zo." Matarsa, wadda kowa yake kira Madam, ta kawo ruwa da kunun acca, ta karɓi zakara da hannu biyu ta yi bayan gida da shi.

Bisa al'ada, daga nan sai a yi hirar ruwan sama da farashin taki, a yi addu'a, in tashi. Mun fara da ruwan sama. Ba mu kai taki ba ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka yi mini izini in karya al'ada in yi magana."

Na ce gidansa ne.

Ya ce duk kamfanin nan Auta kaɗai ke da satifiket ɗin. Shi kansa ya zauna jarrabawar ya faɗi, ya sake zama ya sake faɗi, har Madam ta ce ya bar kunyata ta a Abuja. Da sunan Auta masu na'ura suke sayar masa da kaya, da sunanta aka ba shi aikin makarantun da yake kai yanzu. Ranar da ya sake ta, ranar za a cire shi daga cikin waɗanda aka yarda da su. Ya fara lissafa mini ma'aikatansa ɗaya ɗaya, ba da suna ba, da danginsu: ɗan mai ɗinkin nan na bakin kasuwa, mijin 'yar fastonku, ƙanen wanda ya rasu a hatsarin bara. Duk na san su. Wasu ni na yi wa iyayensu gadon aure.

Na ce, "Ɗana, nuna mini igiyar."

Ya ɗauko kwamfutarsa ta cinya ya buɗe. Ya bi nan ya bi can, sai ga sunan Auta, da sunana a bayansa, rubuce da ƙananan baƙaƙe. A gefe akwai wani ɗan akwati, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ya ce, "Nan ne. In na taɓa nan, ta tafi. In na taɓa nan, Baba, na rufe shago." Yatsansa yana kusa da wurin, nawa ma yana kusa. Na yi shekaru ina cire ƙusoshin da suka yi tsatsa a cikin katakon jirgi, ban taɓa ganin ƙusa ƙarama mai riƙo irin wannan ba.

Na ce to a kai maganar gaba. Shi mai na'urar, ina gidansa? Ina da wake-wake a gida, in ya so a haɗa da zuma. Oga ya yi dariya har ya share ido, ya ce ba mutum ba ne, ba shi da gida, in ka rubuta musu ma na'ura ce take amsawa, ta ce ta gode. Na ce ko ba shi da gida ai yana da fasto. Ya ce bai sani ba. Muka yi addu'a, shi ya yi, doguwa, ya roƙi Ubangiji ya buɗe hanya inda babu hanya. Na ce amin da ƙarfi, ina leƙen ɗan akwatin nan da ido ɗaya.

A hanyar komawa hankalina bai tashi sosai ba. Na ce ya faɗi nasa, amma zakara yana hannunsu, dole ɗaya cikin biyu: ko kwano ya zo, ko zakara ya dawo. In kwano ne, mun gode. In zakara ne, Auta ta san matsayinta, ta yi kuka ta share ido ta nemi wata dabara. Al'adar nan ba ta taɓa barin mutum a tsaye ba.

Lahadi ta wuce. Wata Lahadin ta wuce. Duk mai mashin da ya tsaya a ƙofarmu sai Mama ta leƙa ta ga ko da kwano. Masara ta yi goyo, ta bushe, aka fara karya. Ni kuma sai na sami kaina da yawan uzuri a Kafanchan. Yau ƙusa, gobe maganin gwiwa, kuma ko ina za ni sai hanya ta bi da ni ta bayan katangar Oga. In tsaya kamar ina gyara takalmi. Sai in ji shi. Na san muryarsa, tana da ɗan karyewa a ƙarshe kamar ta mai ba da waƙa da ya tsufa. Yana nan da ransa, kuma daga jin ƙarfin cara ba ya kwana da yunwa.

Mama ta haɗu da Madam a kasuwa. Madam ta rungume ta, ta ce, "Mama, baƙonku yana gaishe ku, ya zama sarkin gida, duk kajin unguwa sun san shi." Mama ta ce ta rasa ko ta yi godiya ko ta fasa mata tumatir a ka. Ta yi godiya.

Da na ga ruwa ya fara ɗaukewa, na koma na ƙwanƙwasa ƙofar gaba. Oga ya rame. Ya kai ni bayan gida da kansa, muka tsaya muna kallon zakara yana tono a gindin gwanda. An kwance masa tsumman Mama, an wanke, an shanya a kan igiya.

Ya ce, "Baba, na ɗauko wuƙa ba sau ɗaya ba. In na yanka na yi maka ƙarya. In na mayar, na ce 'yarka ba ta ƙware ba, alhali ta fi ni. Wanne zan yi?"

Na buɗe baki in ba shi amsar manya. Na duba duk abin da babana ya koya mini, da abin da ogana ya koya mini, da na aji huɗu gaba ɗaya, ban sami inda aka ce ga abin da ake yi in oga ne yake tsoron a yaye shi ba. Na ce, "Yana son dusa da ɗan gishiri." Abin da na iya faɗa ke nan. Ya ce za a riƙa sa masa.

Mutanen Kaduna sun cika alkawarinsu, sun jira har ruwa ya ɗauke. Sannan suka kira Auta suka ce sun ɗauki wani, amma suna yi mata fatan alheri. Ta zo ta faɗa mana tana tsaye, jakarta a kafaɗa, yarinya tana jan zaninta. Ba ta yi kuka ba. Mama ce ta shiga ɗaki ta daɗe tana neman wani abu da ba ta faɗi sunansa ba. Mijin ya ce ta ajiye aikin kawai ta zo, su zauna shekarar a kan albashinsa. Suka auna albashin malami da kuɗin haya a Mararaban Rido, maganar ta mutu da kanta. Ran Litinin ta koma ofis. Oga ya daina ɗora waya a kunne in ya gan ta, yanzu ita ce take kawar da kai.

Dabarar da ta rage mata ita ce ta koyar da wani ya ci jarrabawar, don a sami sunan da za a rataye a madadin nata. Ta zaɓi mijin 'yar fastonmu, mutum mai haƙuri da furfura a gemu. Bayan an tashi aiki suna zama da littattafai. Ya je Abuja, ya dawo, ya ce tambayoyin ba su ne waɗanda ya karanta ba. Zai sake zuwa. Auta ta ce yana ƙoƙari. Yadda ta faɗi kalmar, haka malaminmu na aji huɗu yake faɗa wa babana game da ni.

Har yanzu tana bin hanyar nan, wani mako ita, wani mako shi. Har yanzu Mama ba ta cin abinci sai an kira. Yarinyar ta fara magana sosai, in ta ga waya a hannun kowa sai ta ce a ba ta babanta. Firam ɗin maɗaci yana nan a bango, ina goge shi in ƙura ta hau, don aikin hannuna ne, kuma aikin ba shi da laifi.

Ana saura kwana kaɗan Kirsimeti mai mashin ya tsaya a ƙofarmu da kwali mai huji. Mama ta riga ni fita. Saƙo ne daga Madam. Muka buɗe, sai ga 'yan kaji biyu, budurwai, jajaye, da ganin wuyansu ka san 'ya'yan wane ne. Ba kwano, ba zakara.

Mama ta dube su ta dube ni. Ta ce, "To, masanin al'ada, wannan kuma me yake nufi? An sake ta ko ba a sake ta ba?"

Na zagaya kwalin, na ɗaga ɗaya na auna nauyinta, na duba ƙafafunta kamar akwai rubutu a jiki. Na ce maganar tana bukatar nazari.

Ta ce, "Mu yanka?"

Na ce in mun yanka mun yarda da abin da ba mu sani ba.

"Mu mayar?"

Na ce in mun mayar mun yi faɗa da mutumin da sunan 'yarmu yake hannunsa.

Ta ƙara duban kajin. Sannan ta shiga ta ɗebo dusa, ta barbaɗa gishiri kaɗan, ta zuba musu a murfin tukunya. Wake-wake muka ci a Kirsimetin nan, ƙashi ya fi nama yawa. Kajin suna nan, ɗaya ma ta fara ƙwai.